Kukis ɗin bota na matsawa: me ya sa yake ƙin fita daga leda, in ya fita kuma zanen ya baje?

"Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimaka min. Sau uku ke nan ina gwada kukis ɗin bota irin wanda ake matsawa ya fito da zane kamar fure. Na farko kwaɓin ya yi tauri, na yi ta matsawa har hannuna ya yi tsami, daga ƙarshe ledar ta fashe. Na biyu na ƙara madara cokali huɗu, ya matsu lafiya lau, amma da na sa a obin sai zanen ya ɓace, ya baje kamar faifai. Na uku na ɗan narka botar a wuta, shi ma ya baje, har mai na tsatsafowa a tiren. Da kofi nake awo, kuma ina sa bekin foda ƙaramin cokali ɗaya. A ina nake kuskure?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Wadda ta gwada sau uku ba ta haƙura ba da gaske take son abin. Na kuma ji daɗi da kika faɗi abin da kika yi a kowane gwaji dalla-dalla, don da shi na gane inda gizo ke saƙar.

In na fahimce ki, ƙorafinki biyu ne: kwaɓin ya ƙi fita daga leda, in kuma kin lallaɓa shi ya fita, sai ya ƙi riƙe zanensa a wuta. A ido kamar matsala biyu ce, amma tushensu ɗaya. Wannan kukis ɗin ana son kwaɓinsa ya nuna hali biyu cikin awa guda. Yana cikin leda, ana son ya yi laushin da hannu zai iya tura shi. Zai shiga obin, ana son ya yi taurin da za ki ɗaga guda da yatsu biyu bai lanƙwashe ba. A duk kayan haɗin abu ɗaya ne ke iya wannan sauyin ya je ya dawo, wato bota. Ɗumi ya sassauta ta, sanyi ya ɗaure ta. Ke kuwa kin nemi laushin ta hanyar madara, sannan ta hanyar wuta, kuma duka biyun in sun shiga sun shiga ke nan, firiji ba ya warware su.

Asalin irin wannan kukis daga arewacin Turai yake. A Jamus suna kiran nasu Spritzgebäck, daga kalmarsu ta matso abu ko feso shi. A Danmak akwai vaniljekranse, masu siffar zobe da ƙanshin banila. Duka biyun an fi yin su lokacin Kirsimeti, kuma shuɗin gwangwanin nan na Royal Dansk, wanda aka fara a 1966, ya taimaka ƙwarai wajen shigar da su gidaje a faɗin duniya. Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, a gidajen can da yawa ba da leda ake matsawa ba. Wasu injin niƙa nama suke sa wa baki mai siffar tauraro su tura kwaɓin ta ciki, wasu kuma suna da wani bututun ƙarfe mai hannun turawa. A masana'anta kuwa inji ne gaba ɗaya. Don haka awo da yawa da ke yawo an rubuta su ne don ƙarfin ƙarfe. Idan kika ɗauki irin wannan awon kika zuba a leda, ba laifin hannunki ba ne in ta fashe.

Bota ita ce komai

Bota ta gaske, wadda aka yi da nonon saniya, kashi 80 zuwa 82 cikin 100 nata mai ne, kusan kashi 16 zuwa 17 ruwa, ragowar kuma ƙwayoyin madara. Ruwan nan a warwatse yake a cikin man, ɗigo-ɗigo ƙanana da ido ba ya gani, kuma daskararren man ne ke riƙe da shi. A firiji, wajen digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, tauri gare ta kamar sabulu. A digiri 18 zuwa 20 tana lanƙwasuwa ba ta karye ba, nan ne masu kek suke so. Tana kaiwa 32 zuwa 35 ta narke. Don kukis na matsawa ni ina son ta ɗan wuce ta kek a laushi, wajen 21 zuwa 23.

Ba sai kina da ma'aunin zafi ba, yatsa ya isa. Ki danna ta da ɗan yatsanki. Idan sai kin sa ƙarfi ya shiga, da saura. Idan ya nutse ba gardama, ramin ya tsaya yadda kika bar shi, fuskar botar kuma a dushe take ba ta ƙyalli, to ta yi. Idan kuwa tana sheƙi, yatsan ya fito da maiƙo yana santsi, gefen ramin na zubewa ciki, ta wuce, ki mayar da ita firiji na minti goma.

Abin da ya faru a gwajinki na uku ke nan. Da bota ta narke, ruwan ya rabu da man, tsarin da ke riƙe su tare ya rushe. Ko kin mayar da ita firiji ta daskare, ba ta komawa yadda take, za ki ji ta da tsakuwa-tsakuwa a harshe kuma ba ta riƙe iska in an buga. Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin. Wata rana ina sauri, baƙi na hanya, na ɗora kwanon bota a kan tukunyar ruwan zafi na juya baya. Kafin na waiwayo gefen ya zama ruwa, tsakiyar na nan da tauri. Na ce ai in na buga za su haɗe. Sun haɗe a ido, kwaɓin ma ya matsu da daɗi. Amma da na leƙa ta gilashin obin a minti na huɗu, sai na ga kowane fure ya yi zobe na mai a gindinsa yana tafasa, tsinin zanen na kwantawa ɗaya bayan ɗaya. Tire biyu na yi asara ran nan, kuma tun daga lokacin ban sake kai bota kusa da wuta ba.

Yadda nake yi yanzu, in yanka ta ƙanana kamar girman kan yatsa, in baza a faranti. A ɗaki mai matsakaicin yanayi rabin awa zuwa awa ɗaya ya isa, a kicin mai zafi minti 15 ma na iya yin yawa, sai kina dubawa. Idan ɗakin da sanyi, ki zuba ruwan zafi a kwano, ki zubar, ki goge shi tas, ki kife a kan farantin. Ɗumin da ya rage a jikin kwanon zai sassauta ta a hankali.

Ki kuma duba jikin abin da kika saya, don ba duk abin da ake kira bota ne bota ba. Majarin na roba, irin mai laushin nan na shafa wa burodi, sau da yawa mansa kashi 60 ne ko ƙasa da haka, sauran ruwa ne, kuma ba zai riƙe zane ba ko me kika yi masa. Majarin na gashi mai tauri, wanda mansa ya kai kusan kashi 80, yana aiki, har ma yakan fi bota riƙe siffa saboda ba ya saurin narkewa. Sai dai ki sani za ki rasa ɗanɗano, kuma yana barin wani maiƙo a dasashi. Kukis ɗin da kayansa shida ne ko bakwai ba shi da inda zai ɓoye, abin da kika sa shi za a ji. Idan dole ce, ki yi rabi da rabi.

Madara, bekin foda da kofi

Madara kusan duka ruwa ce. Cokali huɗu manya mililita 60 ne, ya yi yawa nesa ba kusa ba. Ruwa yana ɓarna iri biyu a nan. Yana narkar da sukari ya sa kwaɓin ya riƙa malala da zarar ya ji zafi, sannan yana tayar da danƙon da ke cikin fulawa, wanda ake kira gulutin, sai kukis ɗin ya fito da tauri maimakon ya narke a baki. Ban ce haramun ce ba. Idan kin yi komai daidai kuma kwaɓin ya ci gaba da gardama, ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba zai ɓata ba. Amma ita ce dabara ta ƙarshe.

Bekin foda ki ajiye shi gaba ɗaya. Aikinsa ya kumbura kwaɓi, kuma duk abin da ya kumbura tsininsa yakan shafe. Iskar da kika shigar wajen buga bota ta ishe shi sauƙi.

Kofi kuma shi ne nake zargi a gwajinki na farko. Kofi ɗaya na fulawa yana iya zama giram 120, yana iya zama 150, ya danganta da ko kin ɗebo kin danna ne ko kin tankaɗe kin zuba. A kofi biyu bambancin ya kai giram 60, kuma a wannan kwaɓin giram 20 ma ana jin sa a hannu. In akwai abu ɗaya da zan roƙe ki ki nema, ƙaramin sikelin kicin ne.

Awon da nake aiki da shi

Bota giram 200, garin sukari mai laushi irin na aisin giram 80, farin ƙwai ɗaya wanda yake kusan giram 30, fulawa giram 200, sitacin masara giram 35, gishiri kwatan ƙaramin cokali, banila ƙaramin cokali ɗaya. Idan botar mai gishiri ce ki bar gishirin. Yakan ba ni guda 30 zuwa 35.

Garin sukari nake so saboda kwaɓin ba shi da ruwan da zai narkar da sukari mai tsakuwa. Mai tsakuwar yakan zauna yadda yake, ya sa kwaɓin ya yi kaushi, zanen ya fito a yage. Sitacin masara kuwa ba shi da gulutin, don haka yana rage danƙon fulawar, shi ke kawo wannan rugurgujewar da ake so. Fulawa ta yau da kullum, mai furotin kashi 10 zuwa 11, ta yi. Ta burodi ta yi ƙarfi da yawa. Farin ƙwai kuma yana aiki biyu: yana sassauta kwaɓin, sannan a obin yana fara daskarewa tun wajen digiri 62 zuwa 65, ya taimaka wajen kafe zanen. Wasu gwaiduwa suke sa wa, ya fi maiƙo da launi, amma tsinin zanen bai kai na farin ƙwai fitowa ba a gwajina.

Ki buga bota da sukari da gishiri minti biyu zuwa uku, inji a matsakaicin gudu, ko da cokalin katako in hannu ne, har ta yi haske ta zama kamar kirim mai kauri. A nan akwai ciniki da ya kamata ki sani. In kin daɗe kina bugawa, kamar minti takwas ko goma irin na kek, kwaɓin zai fi sauƙin matsawa, wannan gaskiya ne. Amma iskar da ta shiga za ta buɗe a wuta, kukis ya tashi sannan ya zauna, zanen ya dushe. Ni na fi son in tsaya a minti uku in nemi sauran laushin ta wajen ɗumi.

Sai farin ƙwai da banila. Kada ƙwan ya fito daga firiji kai tsaye, sanyinsa zai daskarar da botar ta yi gudaji. Ki buga har ya shige, ki kankare gefen kwanon. Daga nan ki tankaɗe fulawa da sitaci tare, ki zuba kashi biyu, ki juya a hankali da cokali. Da kin daina ganin farin gari ki ɗauke hannu. Ki ja bayan cokali a kan kwaɓin: ya kamata ya wuce sumul ya bar hanya mai gefe a tsaye. Kada ki sa shi a firiji a wannan matakin, kuma kada ki bar shi ya zauna. Fulawa na ci gaba da shan ɗan ruwan da ke ciki, bayan rabin awa sai ki ji ya ƙara tauri.

Matsawa

Bakin ƙarfen da kike sa wa ledar na iya zama rabin matsalar. Ƙananan bakin ado na kek ba na wannan aikin ba ne. Ki nemi babban baki mai siffar tauraro, wanda haƙoransa a buɗe suke ba su lanƙwasa ciki ba, faɗin ramin ya kai santimita ɗaya ko fi. Wilton 1M da ire-irensa sun yi. Leda kuma ta zama mai kauri, ko ki zura ɗaya cikin ɗaya, ko ki nemi jakar yadi ko ta silikon.

Kada ki cika ta. Wannan shi ne abin da na fi ganin masu koyo na yi, su juye kwaɓin duka su ɗaure baki, sai su koma suna tura kusan rabin kilo da tafin hannu ɗaya. Ki sa kashi ɗaya cikin uku kawai, abin da zai cika tafin hannunki. Ki tura shi ƙasa, ki murɗe bayan, sannan ki riƙe ledar tsakanin tafukanki kina murzawa minti ɗaya ko biyu. Zafin jikin mutum wajen digiri 37 ne, ya fi ƙarfin bota, za ki ji kwaɓin yana saki a hannunki. Na farko da na biyu su suka fi wuya domin ƙarfen bakin da sanyi, sai ki matsa su cikin kwano ki mayar daga baya.

Ki shimfiɗa takardar gashi a tire mai sanyi, ki ɗiga ɗan kwaɓi a ƙarƙashin kusurwoyi huɗu don kada takardar ta biyo ki in kin ɗaga. Kada ki shafa mai, tire mai santsi yana ba kukis damar zamewa ya faɗaɗa. Ki riƙe ledar a tsaye, bakin ya ɗan ɗaga daga takardar kamar santimita ɗaya. Hannun sama ke matsawa, na ƙasa jagora ne kawai. Ki fara daga tsakiya, ki zagaya sau ɗaya, ki daina matsawa tukuna, sannan ki fizge gefe. In kin ɗaga kina kan matsawa zai bar wutsiya, ita ce ke fara ƙonewa. Faɗin santimita huɗu zuwa biyar ya isa, da tazarar yatsu biyu tsakani. Wanda bai yi miki kyau ba ki kwashe da wuƙa ki mayar cikin leda, ba asara.

Idan kicin ɗinki na da zafi sosai, matsalarki za ta juye: na ƙarshen ledar zai riƙa fita yana ƙyalli. Da kin ga haka ki ajiye ledar a firiji minti biyar, ki wanke hannu da ruwan sanyi, ki ci gaba.

Sanyi, sannan wuta

Yanzu ne lokacin firiji, kuma a tambayarki ban ga kin ambace shi ko sau ɗaya ba. Ki sa tiren gaba ɗaya minti 30, ko minti 15 a firiza, har sai kin taɓa kin ji ya yi tauri. A cikin obin tsere ake yi tsakanin bota da ke son narkewa ta malala da fulawa da ƙwai da ke son kafewa. Kwaɓi mai ɗumi ya riga ya kusa narkewa tun kafin ya shiga. Mai sanyi kuwa, kafin zafi ya kai cikinsa, fatar waje ta bushe ta kama siffa.

Saboda wannan tseren ne obin mai sanyi-sanyi ke ɓata zane. Ki kunna shi minti 15 kafin lokaci, a digiri 170, ko 160 in mai fanka ne. Tire ɗaya, a tsakiya, daga firiji kai tsaye. Minti 14 zuwa 17 yake ɗauka a nawa, kuma nakan juya tiren bayan minti goma. Kada ki jira saman ya yi ja. Ki dubi gindin: in gefen ƙasa ya yi ruwan zuma, tsinin zanen ya ɗan fara canja launi, ya gasu. Zai fito da laushi, ki bar shi minti biyar zuwa goma a tiren kafin ki taɓa, in ba haka ba ya karye miki a hannu. Kada kuma ki matsa zagaye na biyu a kan tiren da bai huce ba.

A nan dole in faɗa miki iyakata. Daga nesa nake ba ki amsa, kuma mintunan da na ba ki na obin ɗina ne. Lambar da ke jikin maɓalli sau da yawa ba ita ce zafin da ke ciki ba, ƙananan obin kuma wutarsu na kusa da tire, suna ƙona ƙasa kafin ciki ya nuna. Fulawa ma kowace da yadda take shan ruwa. Shi ya sa ko ni, duk lokacin da na canja fulawa ko bota, guda uku nake fara gasawa. In sun baje duk da sanyin da suka sha, sai in ƙara fulawa babban cokali ɗaya a sauran kwaɓin, ko in ƙara wuta da digiri goma. In ƙasa ya yi duhu ciki bai nuna ba, in rage wuta in sa wani tire a ƙarƙashi. Ki kuma sa a ranki cewa na bota zalla dole ya ɗan saki kaɗan, ba zai fito da kaifin na gwangwani ba, wanda inji ya matsa daga kwaɓi mai tauri. Abin da ake nema shi ne a iya ƙirga layukan furen bayan ya huce.

In ya sake faruwa kwaɓi ya ƙi matsuwa ko ta yaya, kada ki zubar kuma kada ki kai hannu ga madara. Ki mulmula shi dogo kamar sanda, ki naɗe a takarda, ya yi awa ɗaya a firiji, ki yanka da kaurin rabin santimita zuwa ɗaya ki gasa. Ɗanɗanon ɗaya ne. Idan kina son na koko, ki cire giram 20 na fulawa ki sa garin koko a madadinsa, amma ki bari sai hannunki ya faɗa da farin tukuna, don koko na ƙara wa kwaɓi tauri.

Sai ya huce sarai za ki rufe shi, a gwangwani ko roba mai murfi da iska ba ta shiga. Yana kai mako ɗaya zuwa biyu, kuma ni na fi jin daɗinsa washegari, lokacin da ƙanshin bota da banila ya zauna. Wanda kika matsa ba ki gasa ba kuma, in ya daskare a firiza ki tattara a roba mai murfi, zai yi wata guda, ki gasa shi a daskare ki ƙara minti ɗaya ko biyu. Ki gwada da rabin awon nan, bota giram 100, ki kaɗa farin ƙwan kaɗan ki auna giram 15. Allah Ya ba da sa'a, ina jiran jin yadda guda ukun farko suka fito.